Uwar Tururuwa a Cikin Gwado

Abu na farko da Amurka ta ƙwace mini kilishi ne. Na sauka a filin jirgin saman New York cikin watan Satumba na 1972, da akwati ɗaya da gwadon da babana ya ba ni. Mai binciken kaya ya tono ƙunshin kilishin daga ƙarƙashin littattafaina, ya shinshina, ya ɗaga shi da yatsu biyu ya nuna wa abokin aikinsa, suka yi dariya, sannan ya jefa a kwandon shara a gabana. Ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na sunkuyar da kai na ce babu. A gida haka aka koya mini, idan na gaba da kai yana magana ƙasa ake kallo. Ban sani ba tukuna cewa a wannan ƙasa duk wanda ya kalli ƙasa mai laifi ne.

Sunana Isiyaku, daga wani ƙauye kusa da Bichi. Tun ina ƙarami ba ni da yawan magana, na fi jin daɗin littafi da zaman majalisa. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni in yi digiri na biyu a kan ƙwarin da ke ɓata amfanin gona. A ƙauye kuwa an riga an yanke cewa likitancin gona na tafi koyo, kuma zan dawo da maganin kowace irin tsutsa.

Zangona na farko wani masauki ne kusa da tashar bas, inda na yi kwana tara. Duk wanda na gaisar a matakala sai ya dube ni ya ƙara sauri. Mutum ɗaya ne ya sake mini fuska, na ɗakin da ke kusa da nawa. Ya ari kwat ɗina guda tak ya ce zai je neman aiki ya dawo da azahar. Ban sake ganinsa ba, shi da kwat ɗin.

Ran Juma'a ta biyu na bi kwatance na sami wani ɗaki da ake haɗuwa salla. Bayan an sallame, sai na ji wani a bayana yana yi wa takalminsa faɗa da Hausa, wai kullum sai ya ɓace masa. Na juya na gaishe shi. Dattijo ne gajere mai furfura a haɓa, sunansa Malam Ilya, mutumin Damagaram, direba a ofishin ƙasarsu. Da ya ji daga ƙasar Kano nake, ya ja da baya ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe bawana ne ya biyo ni har nan. To, Bakano, me ka kawo sayarwa?"

Na ce karatu na zo, Baba.

"Bon," in ji shi da Faransanci. "Karatun me?"

"Aikin gona."

"A New York? Wa ya cuce ka haka? Je ka ɗauko kayanka."

A ranar ya mayar da ni gidansa a Harlem, hawa na huɗu. Ya ba ni ƙaramin ɗaki mai kabad ɗin bango da bututun ɗumama ɗaki, ya ba ni tsohon kwat ɗinsa wanda hannayensa ba su kai mini wuyan hannu ba. Iyalinsa na gida, shi kaɗai yake zaune. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa kuwa da gaske ya riƙe shi. Idan na ci abinci kaɗan ya ce rowar Bakano ta kai har na wani ba ya iya ci, idan na ci da yawa ya ce na ga banza. Duk abin da na yi a gidan, kafin Juma'a ya zama labari a bakin ƙofar masallaci. Hausawan garin ba su da yawa a lokacin, kuma kowa na rubuta wasiƙa gida.

A kan tagar ɗakin girki yana da gwangwanayen madara shida da ya shuka yakuwa a ciki, da irin da matarsa ta aiko masa cikin ambulan. Kowace safiya kafin ya tafi ofis, wanda shi biro yake ce masa, sai ya juya su wajen haske. Ba ya tsinkar ganye fiye da uku a miya. Ya ce ba don ciki yake sawa ba, don hanci ya tuna gida.

Jami'ar kuwa ƙarƙashin ƙasa ta tura ni. Malamina, Farfesa Whitlock, dogo ne mai saurin magana. Bai taɓa iya faɗin sunana ba, Zak yake ce mini. Ya sauka da ni wani ɗaki marar taga a gindin tsohon gini, ya nuna mini akwatuna uku na roba da ake ganin ciki, irin waɗanda matan Amurka ke zuba ragowar abinci su sa a firji. An haɗa su da bututu, bututun ya fita zuwa wani faranti da aka zagaye da mai don kada a tsallake. A kan farantin ga tururuwa jajaye a layi, kowace ɗauke da yankin ganye a tsaye bisa kanta kamar tuta.

Ya ce da hannunsa ya haƙo su a wani tsibiri na yankin Karibiyan, kuma takardar izinin shigo da su ta ce ba za su fita daga wannan gini ba. Aikina shi ne in raya su shekara biyu cur, in auna ganyen da ya shiga da sharar da ta fita, in rubuta kome. Idan gidan ya rayu na sami digiri. Idan ya mutu, ba shi da wani da zai ba ni, ba shi da dalilin riƙe ni, kuma takardar zamana a ƙasar da sa hannunsa take tafiya.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, kan hanyar komawa, na yanke shawarar ba zan gaya wa Malam Ilya ba. Na ji muryarsa tun kafin ya yi maganar: Bakano ya haye teku ya zama bara a gidan tururuwa. Na ga maganar ta shiga ambulan, ta isa Bichi, ta sami babana a bakin kasuwa. A makon nan ma wasiƙarsa ta iso, yana cewa gara ta shiga rumbu, in an zo kan darasinta in mai da hankali.

Amma ban daɗe ba na kamu da son su. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ganyen suke ci ba. Noma suke yi. Mai yanka takan kafa ƙafarta ta baya a bakin ganye, ta zagaya da muƙamuƙinta mai haƙora kamar zarto, yadda tela ke fitar da wuyan riga. Ta ɗauko ta kawo ciki. Matsakaita su yayyanka shi ƙanana, su tauna har ya zama dusa mai laima, su liƙa a kan wani tulin abu mai launin toka, mai ramuka kamar soso. Fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai tasu ta daban ce, a gidansu kawai take rayuwa. Ita ce gonarsu, ita suke ci, ita suke ba 'ya'yansu. Mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su fi kiyashi ba, su ne masu cire ciyawa, suna bi lungu-lungu suna lasa, suna fitar da duk baƙon abu. Akwai sojoji masu manyan kawuna, kan nan duk tsokar cizo ce; ɗaya ta taɓa tsaga mini fatar yatsa kamar reza. Dukkansu mata ne, kuma babu mai haihuwa a cikinsu.

Akwati biyu gona ne, na uku juji. Wadda ta tsufa haƙoranta suka dakushe, can take komawa aikin shara, kuma daga ranar ba ta sake shiga gona. Idan ta matso, 'yan uwanta su cije ta su kora.

Farfesa sarauniya yake ce wa babbar, amma ni ban taɓa ganin ta ba da umarni ba, don haka uwa nake ce mata. Tana can tsakiyar gonar akwati na farko, sai a yi wata ba a gan ta ba. Ran da na fara hango ta, ta kai tsawon gaɓa biyu na ƙaramin yatsana, launin busasshen goro, bayanta a tashe da tabon wurin da fukafukai suka karye, ƙananan sun lulluɓe ta suna lasa. Sau ɗaya tak take tashi sama a rayuwarta. Kafin ta bar gidan uwarta takan gutsuri ɗan ƙwallon fumfuna ta ɓoye a wata 'yar jaka cikin bakinta. A sama take haɗuwa da maza, kuma abin da ta karɓa a ranar shi zai ishe ta haihuwa shekara goma ko fiye. Ta sauko ita kaɗai a inda ba ta san kowa ba, ta karya fukafukanta, ta haƙa rami ta rufe kanta, ta tofa irin da ta zo da shi, ta yi masa taki da kashinta, ta riƙa cin ƙwanta don kada ta taɓa gonar kafin ta kama. A cikin akwati ba sa aure, sai a sararin ƙasarsu bayan ruwan farko. Saboda haka ba a iya samun sabuwar uwa a New York. Wadda ke nan ita ce kawai.

Na daɗe ina tunanin wannan guzuri na cikin baki, wanda babu mai binciken kayan da zai gani.

Akwai wani ɗalibi da ya girme ni a wurin, Randal, mai gidajen tururuwa biyar, shi ke riƙe da makullai idan Farfesa ya yi tafiya. Ranar farko ya tambaye ni ko a garinmu cin tururuwa muke yi, don ya san ko zai riƙa ƙirga nasa. Na yi murmushi, don a gida irin wannan magana daga bakin abokin wasa take fitowa. Na daɗe kafin na gane bambancin. Wasan Malam Ilya da kwanon abinci yake zuwa, na Randal shi kaɗai yake zuwa.

Sanyin farko ya koya mini wahalar ganye. Bishiyoyin garin duk suka tuɓe. Furannin kanti an yi musu feshi, kuma abin da ba zai kashe tururuwa ba yana iya kashe gona. Sai wata shukar shinge da ba ta zubar da ganye, ita nake bi a gefen babban lambun gari da almakashi da jaka, yatsuna a ƙage. Wata safiya ɗan sanda ya cafke ni, ya manna fuskata da bango, ya zazzage jakar a kan ƙanƙara yana tonawa da takalmi, wai wiwi yake nema. Na nuna masa katin makaranta na yi bayani a hankali. Ya kira abokinsa ya ce in maimaita don shi ma ya ji. Bayan sun gama dariya sun tafi, na durƙusa na tsince ganyen ɗaya-ɗaya, na je na wanke kowanne sau biyu.

Wata tsohuwa baƙar fata mai sayar da kayan miya a layinmu ta ga ina tsintar ganyen kabeji a bayan shagonta. Ba ta tambaye ni kome ba. Daga ranar takan ajiye mini jaka, kabeji da ɓawon lemo, wani lokaci da burodi a ƙasa. Ta ɗauka yunwa ce. Na kasa gyara mata, kuma burodin ina ci. Kabejin nakan jiƙa shi in wanke, in gwada a kan ɗan gutsuren gona kwana uku kafin in ba su.

Haka na yi wata goma sha biyar. Gona ta cika akwati biyu har murfi. Ban tsallake rana ɗaya a littafina ba, har ranakun Salla. Idan kewa ta dame ni nakan kashe fankar ɗakin in kara kunne a jikin roba. Ƙarar ƙafafunsu kamar yayyafi ne a kan zana.

A ƙarshen 1973 man fetur ya yi wuya a Amurka, motoci suka yi layi a gidajen mai. Aka liƙa sanarwa cewa za a kashe ɗumin tsohon gininmu kwana goma na hutun Kirsimeti. Farfesa yana can ƙasashen zafi wajen haƙo ƙwari. Gonar tururuwa ɗumi take so irin na ɗakin mai jego, idan sanyi ya zauna mata kwanaki sai ta lalace. Randal ya kwashe gidajensa biyar ya kai wani ɗaki a hawa na uku mai na'urar ɗumi ta lantarki. Na bi shi na roƙe shi wurin akwati ɗaya. Daga bakin ƙofa ina hango kanta guda babu kome a kai.

"Babu wuri," in ji shi, yana juya makulli. "Daga daji suka zo, kamar kai. Ga ka nan ba ka mutu ba."

Ba zan iya ɗaukar uku ba. Na cire akwatin da uwar ke ciki, na toshe ramin bututun da auduga, na naɗe shi da gwadon babana, na rungume a ƙirji. Da rana tsaka na shiga jirgi, ina tsaye don kada a buge ni. A gida na sa shi cikin kabad, kusa da bututun ɗumi, na rufe. Malam Ilya yana ɗakin girki yana soya albasa. Na tsaya a bakin ƙofa da niyyar in gaya masa, har na shirya yadda zan fara. Ya juyo da cokali a hannu ya tambayi abin da Bakano ya shigo da shi a gwado yana sanɗa, ko amarya ya sato. Na ce littattafai ne.

Kwana uku ina ba su kabeji a ɓoye. Ran na huɗu na tafi duba sauran biyun. Na tarar da ɗakin da ɗumi-ɗumi. Ashe bututun ruwan zafi na ginin maƙwabta ta cikin bangon ya bi, kuma ba a kashe wancan ba. Tururuwan sun yi sanyin jiki amma suna aiki. Da na bar uwar a wurinta, da babu abin da zai same ta. Na yi hamdala, na ce gobe da safe zan mayar da ita.

Na dawo gida bayan la'asar. Tun daga hawa na biyu na ji warin maganin kyankyaso.

Malam Ilya yana tsaye a ɗakin girki, ya naɗe hannun riga, ga tukunya tana tururi. Gwangwanayen nan shida suna kan taga, babu ganye ko ɗaya, sai kara tsirara. Na san abin da ya faru kafin ya buɗe baki. Tururuwar da ke tsaga fatar mutum na toshe wa hanya da auduga.

Ya ce ya dawo daga biro da wuri, ya tarar da yakuwarsa tana tafiya a ƙasa, a layi, kamar masu kai kayan amarya. Ya bi layin har cikin kabad ɗina.

"Kai Bakano, wace irin rowa ce wannan? Ka ɓoye dambu a gwado har ya yi fumfuna. Ni na hana ka abinci a gidan nan?"

Ya nuna mini tukunyar, ya ci gaba.

"Na yi musu feshi, na bi da tafasasshen ruwa, na kai shara ƙasa. Ko ɗaya ba ta tsira ba. Ga robarka na wanke maka, gwadon na shanya." Ya dubi tagar. "Yakuwar dai ta tafi. Ba kome. Gara ita da a ce kunnenka suka shiga kana barci."

Na dubi dattijon da ya ba ni ɗaki da kwat da abinci, wanda tururuwata ta cinye masa abin da matarsa ta aiko, kuma shi ne ke rarrashina.

Na ce, "Na gode, Baba."

Na sauka bayan ginin inda durom-durom na shara suke. Na tona da hannu cikin ɓawon albasa da ganyen shayi. Gonar ta zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. A tsakiya na sami wani ƙulli, ƙanana ɗaruruwa sun dunƙule wuri guda sun riƙe juna da baki. Na ɓanɓare su a hankali. Tana ciki. Sun rufe ta da jikinsu, ruwan ya dafa su tare. Na naɗe ta a hankici, washegari na sa ta a 'yar kwalba da ruwan maganin da muke adana ƙwari.

Na wanke akwatin sau biyar na mayar da shi wurinsa babu kome a ciki, na ci gaba da kai ganye. Su kuma suka ci gaba da karɓa. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai har yau. Babu uwa, babu ƙwai, babu abin da zai biyo baya, amma kowace safiya masu yanka na yanka, masu tauna na tauna, ƙananan na lasar gona. Har suka fara kwasar fumfuna suna gina sabon tuli a akwatin da ba kowa. Ni ma kowace safiya ina shiga jirgi da jakar ganye. A littafina kuwa gaskiya na rubuta, don ban iya ƙarya da alƙalami ba: ranar, da inda ta mutu, da yadda ta mutu. Sunan Malam Ilya ne kawai ban sa ba.

Randal ya dawo daga hutu ya tsaya gaban akwatin farko ya daɗe. Ya ce kada in damu, shi ba mai kai ƙara ba ne. Sai dai daga ranar ni ke nemo ganyen gidajensa biyar cikin ƙanƙara, ni ke wanke kwalabensa, ni ke kwashe jujinsa. Idan ya yi baƙi yakan ce, Zak, kofi, ba tare da ya juyo ba.

Farfesa ya dawo a Fabrairu, rana ta mai da shi ja. Sau biyu ya sauko da baƙi ya nuna musu layin masu ɗauke da ganye, ya ce sarauniya tana can ciki, ba ta son haske. Ina tsaye a gefe da almakashi. Kowace safiya a jirgi nake shirya maganar da zan yi masa, da na gan shi sai ta narke.

A watan Afrilu bishiyoyi suka yi tofo, ganye ya samu a ko'ina, ba a ƙara buƙatar mai shiga sanyi. A makon nan Randal ya faɗa wa Farfesa.

Farfesa ya kira ni ofis ya ce in zo da littafin. A tsaye ya karanta shafin. Ya tambayi wanda ya zuba ruwan, na ce mutum ne da bai sani ba. Ya tambayi abin da ya hana ni gaya wa mutumin, da abin da ya hana ni gaya masa shi. Ba ni da Turancin da zan faɗi kunya, ba ni da wanda zan faɗi abokin wasa. Na sunkuyar da kai.

"Dube ni, Zak."

Na yi ƙoƙari. Idona ya kai maɓallin rigarsa ya dawo kan takalminsa.

"Ka gani," in ji shi. "Wanda ba zai iya kallon idona ba, ta yaya zan yarda da abin da ya rubuta?"

Amma sai ya juya shafukan da suka biyo baya, a hankali, ya daɗe yana karantawa. Ya ce in ci gaba da rubutawa daidai yadda nake yi har ta ƙarshe ta mutu, sannan a ga abin da za a yi. Na fito ina jin kamar an ba ni ruwa. Na ɗauka dama ce.

Na bi su har ƙarshe. Gonar ta bar launin toka ta koma rawaya, tana yin ƙasa kamar hatsin da ake ɗiba a rumbu. Ƙananan suka fara ƙarewa, tunda ba a haifar wasu. Sojoji suka riƙa yawo a faranti ba dalili. Juji ya fi gona girma, har masu shara suka fara shiga ciki babu mai korar su. A watan Yuni saura bakwai, sannan uku. Ta ƙarshe mai yanka ce. Na sa mata ganyen fure mai taushi, ta yanka, ta kai inda gonar take a da, ta ajiye, ta koma ta yanko wani. Kwana biyu tana haka. Na rubuta lokacin da ta daina motsi, na ja layi.

Washegari sakatariya ta miƙa mini ambulan. Wasiƙar sallama ce. Na dubi kwanan watan da ke samanta, na Afrilu ne, ranar da ya ce in dube shi. Littafin kuwa aka ce mallakar jami'a ne. Ganina na ƙarshe da shi yana kan teburin Randal, an liƙa sabuwar takarda a kan sunana.

Malam Ilya na ce masa karatu ya ƙare. Bai nemi ganin takarda ba. Ya dafa shinkafa da naman rago ya tara Hausawan garin, aka yi mini addu'a, aka ba ni wasiƙu in kai gida. Ya ba su labarin dambun gwado, ya kwaikwayi tafiyar yakuwa da yatsunsa a kan tabarma, aka yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Na je sallama wurin tsohuwa mai kayan miya, ta ba ni lemo biyu, ta ce ta ji daɗi na ɗan yi ƙiba.

Ranar tafiya ya aro motar ofis, ya dage sai na zauna a baya kamar jakada. A kan taga na bar sabuwar yakuwa ta fara fitowa, matarsa ta sake aiko iri. A bakin filin jirgi ya sauke akwatin, ya ɗora gwadon a kai, ya riƙe hannuna da nasa biyu. Idonsa ya kawo ruwa, sai ya koma wasa don ya ɓoye.

"To, likitan gona. In ka zama babban mutum a Kano kada ka manta ubangidanka. Ko ba kome, ni na raba ka da tururuwan nan."

Ɗaya hannun nawa yana cikin aljihu, a kan kwalbar.

"Ba zan manta ba, Baba. Allah ya saka da alheri."

A fita babu wanda ya bincike ni. Na koma na koyar da kimiyya a makarantar sakandare har na yi ritaya. Babana ya rasu yana ce mini likita. Malam Ilya ya riƙa rubuto mini wasiƙa har shekarar da ya rasu, kowace tana ƙarewa da tambayar ko Bakano ya daina ɓoye abu a gwado. Kowace na amsa na ce na daina.

Kwalbar tana nan a ƙasan akwatin littattafaina. Duk shekara nakan ƙara mata ruwan magani, don kada uwar ta bushe.